Jikana Mai Tabarau da Sanarwar da Ya Warware

Kullum da hantsi jikana Mai Tabarau yakan ja kujera har hancinsa ya kusa taɓa gilashin kwamfuta. Matarsa ta ajiye shayi, shayin ya huce, ta ɗauke. Ni kuwa ina bakin ƙofa ina leƙe, don ba a yin abu a gidan nan ban sani ba.

Shekara da shekaru yana kula da wata manhaja wadda masu irin aikinsa ke kamo kuskure da ita. In wani abu ya tsaya ko ya lalace, ita ke sanarwa. To wurin sanarwar ne ya cukurkuɗe, don kowa ya zo sai ya ɗaura nasa ya tafi. Wani a gaya masa sau biyu, wani ko oho. Shi kaɗai ya san kan abin.

"Ashe gulma kake gyarawa," na ce.

"Irin taki, tsohuwa. Daga ita sai ke."

"Angon banza, ka fara gyara wa kanka ido."

Da na san abin da ke tafe, da na haɗiye wannan maganar. Likita ya ce idon mutuwa yake, babu magani, sai dai in ya huta ya ɗan jima. Matarsa ta yi kuka, ta ɓoye masa tabarau a cikin tukunya. Ya laluba ya ciro. "In na makance a haka," in ji shi, "na tafi da sirrin manhajar a kaina."

Na tambaye shi me zai canja in ya gama gyaran. Ya ce ba komai, in ya yi daidai mai amfani da ita ba zai ga bambanci ba. Ni dai ban taɓa jin aikin da ba ya barin abin faɗa ba.

Abokiyar aikinsa da ta zo dubiya ce na tsare a tsakar gida. Ta ce ya tattara sanarwar duka ta bi ƙofa ɗaya, kowa ya ji nasa sau ɗaya. Yanzu ko sabon zuwa na iya karantawa. Ta ce a ƙarshe, saboda idon, haruffan kwamfutarsa kowanne ya kai tafin hannu, kuma a ofis ba wanda ya lura an taɓa komai.

Kai ne ka ƙarar da sauran ganinka don kada na baya su yi lalube. Mai Tabarau, warware-ƙulli, na gode, Allah ya saka maka. Ku kuma masu riƙe sirrin aiki a ka don kada a iya komai sai da ku, ku ji kunya, ku yi koyi da shi.

Ya gama, idon ya rufe. Kwamfutar na nan da zane a kanta. Yanzu ni ke zama kusa da shi ina gaya masa wa ya shigo, wa ya fita. Jiya na ce matarsa na kuka a kicin, na sake faɗa.

"Sau ɗaya ya isa, tsohuwa," ya ce. "Na ji."