Turancin Gwaggo Mai Shara

Jiya a motar Sabon Gari zuwa Samaru wata ɗaliba ta ce "rabish" a waya, sai na ji kamar Gwaggo ce zaune a bayana. Ƙanwar babana ce, ta tsufa tana sharar ɗakunan kwanan ɗalibai mata a jami'a. Ba ta yi boko ba. Turancinta duk na ƙazanta da hargitsi ne, wanda ta tsinta a bakin 'yan matan: rabish, mes, distabans. A bakinta sukan yi laushi kamar sunayen jikoki.

Shekarar da na faɗi jarabawa, na kulle kaina a ɗaki a Muciya kwana uku, na ce ni da karatu har abada. Rana ta huɗu da hantsi ta turo ƙofa, tsintsiya a hannu. Ta yayyafa ruwa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi, hasken taga ya kwanta a kan mayafinta.

Ta ce, "Wannan mes ne ko rabish?"

Na ce, "Gwaggo, ai duk ɗaya ne."

"A'a. Yaran sun ce rabish zubarwa ake yi, mes kuwa gyarawa. Ɗaga ƙafarki."

Ta tattara takardun da na watsar, ta karkaɗe kowacce, ta jera mini a kan katifa. Ko ɗaya ba ta kai bola ba. Ranar Litinin na koma aji.

Allah Ya hutar da bayan nan da ya sha sunkuyo, Gwaggo, Ya shimfiɗa miki inuwa mai sanyi.