Mahamman Shofer da Farar Motar Kamilu

Duk wanda ya saba bi ta layin bayan kasuwar dabbobi ta Dakoro da safiyar Alhamis ya san Mahamman Shofer. Za ka tarar da shi a ƙofar gidansa ya naɗe wando zuwa gwiwa, bido biyu na ruwa a gefe, yana zagaya wata farar motar shiga rairayi, kat-kat, da ke ƙarƙashin rumfar zana. Shekara uku cur yana wanke motar da ba ta zuwa ko'ina. Masu shayin bakin layi har tsokanarsa suke yi: "Shofer, yau ina muka nufa, Maradi ko Agadas?" Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce su dai ɗaure kayansu, tafiya ta kusa.

Mahamman ɗan makiyaya ne. Yana da shekara goma sha huɗu farin shekarar tamanin da huɗu ya share garken ubansa, suka shigo gari da jaki ɗaya da tabarmi. Ya yi karen mota, ya koyi tuƙi, ya samu permi, wato takardar izinin tuƙi, daga baya wani puroje na rigakafin dabbobi ya ɗauke shi. Shekara ashirin da biyu yana ratsa rairayin arewa, bai taɓa kifar da mota ba, ko akuyar wani bai taɓa takewa ba. Ranar da purojen ya naɗe kayansa, aka ba shi takardar yabo aka karɓe makulli. Tun daga nan ya zama shofer a suna kawai, kuma abin yana cinsa fiye da yadda yake nunawa.

Ana nan sai ga Kamilu, ɗan ƙanin ubansa, wanda ya tashi a gidan nan, Mahamman ne ma ya koya masa riƙon sitiyari. Kamilu ya sayi tsohuwar kat-kat mai matsalar giya, kafin ya gyara ta sai zancen zinariya ya ɗebe shi zuwa arewa. Ya sa aka turo motar har ƙofar gidan Mahamman, ya damƙa masa makulli a gaban Aisata matarsa.

"Yaya, ga ta nan, ka riƙe mini. In na samu abin gyara, kai za ka riƙa ja, Dakoro zuwa Maradi. Wa nake da shi in ba kai ba?"

To, a nan fa aka samu matsala, don abin da Kamilu ya faɗa daban, abin da Mahamman ya ji daban. A gidansu, in ɗan'uwa ya ba ka saniya ya ce ka riƙe, magana ce mai nauyi. Kai ne mai kiwonta, kai ke shan nononta, kuma mai ita ba ya ja ta zuwa kasuwa sai ya zo ya zauna da kai a kan tabarma ya faɗa maka da bakinsa. Haka ya ga ubansa yana yi, haka ya ɗauki motar. Bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa ko Kamilu, da ya girma a gari, yana tune da wannan ba.

Wankin Mahamman kuwa ba irin na masu watsa ruwa su goge da ƙazamin tsumma ba ne. Kai, in ka ga yadda yake yi sai ka rantse jaririya yake wa wanka. Da farko ba ya taɓa jikinta da hannu. Yakan ce rairayin Dakoro in ka goge shi a bushe, ka kankare fenti ke nan, don haka sai ya bi ta da moɗa daga sama zuwa ƙasa har rairayin ya gangare da kansa. Sannan ya kaɗa sabulu a bokiti ɗaya, ya ajiye wani bokitin na ɗauraye tsumma, kuma ba a haɗa su. Tsumman jiki tsohon rawaninsa ne da ya yi laushi, na tayoyi daban, na gilashi tsohuwar jarida. Kullum kafin rana ta ɗaga yake gamawa, don in sabulu ya bushe a jikin mota sai ya bar zane. Kashin tsuntsu ba ya kwana. Da damina yakan tara ruwan sama a tulu na musamman don ɗaurayar ƙarshe, wai ruwan pampo yana barin farin tabo.

Aisata ta yi mita har ta gaji. A garin da ake sayen ruwa wajen 'yan garuwa, bido biyu duk mako ba wasa ba ne.

"Baban Haula, wai don Allah wannan ƙarfen nono take ba mu? Ni ina ƙididdige ruwan tuwo, kai kana yi wa mota wanka!"

"Amana ce, Aisata. Ki bari Kamilu ya dawo."

A shekara ta biyu wani ɗan kasuwar wake na Sabon Maci ya aiko har gida yana neman shofer mai hankali, aikin dindindin. Mahamman ya kwana biyu yana juya maganar, sannan ya je da ƙafarsa ya ba da haƙuri. Ya ce ya riga ya ba ƙanensa baki, in motar ta tashi yana hannun wani, da wane ido zai kalle shi?

Bayan sallar layya ta bana sai ga kiran Kamilu a salula, muryarsa cike da fara'a. Ya ce abubuwa sun buɗe, ya turo makanike daga Maradi da kayan giya. Aka kwana uku ana kwancewa ana ɗaurawa. Ranar da motar ta yi tari ta kama, Mahamman ya zagaya layin da ita sau ɗaya, masu shayi suka miƙe tsaye suna tafi. Wallahi ranar ko abincin kirki bai iya ci ba don murna.

Kamilu ya sake kira. "Yaya, ina son ka yi mata wankin nan naka, wanda ya fi na kullum. Ka sa a ɗauko mini hotonta ta ko'ina, na takardu ne."

Mahamman bai tambayi wace irin takarda ce ke son hoto ta ko'ina ba. Kwana biyu ya yi a kanta. Ya bi ramukan tayoyi da tsohon buroshi. Fitilun gaba da suka yi dishi-dishi ya goge su da man goge baki har suka washe. Robobin da rana ta kodar ya shafe su da ɗan mai suka koma baƙi wuluk. Akwai wani dogon ƙarce a ƙofar baya, tun na zamanin mai ita na farko, ya zauna da ɗan gwangwanin farin fenti da gashin kaza yana bin sa a hankali har ya ɓace. A ƙarshe ya shafa man ƙyalli da ya ɓoye tun lokacin puroje, ya murje da rawani har ya ga furfurarsa a jikin ƙofa. Maƙwabcinsa ya ɗauki hotuna aka tura. Shi kuma ya ciro perminsa daga ƙasan akwati, ya kai rigarsa ta kaki wajen mai guga.

Ran kasuwa da hantsi wani dattijo mai baƙin rawani ya yi sallama a ƙofar gida, da direbansa a baya. Ya ce sunansa Mohamed, mai sayar da raƙuma ne daga Tagriss. Bayan gaisuwa ya zagaya motar yana gyaɗa kai.

"Masha Allah, ta fi hoton kyau. Malam, kai ne mai wankin?"

"Ni ne mai riƙonta," in ji Mahamman.

"To madalla. Kamilu ya ce in zo nan, mai wanke masa mota zai ba ni makulli. Mun gama ciniki tun makon jiya." Ya miƙa masa takarda, ga sa hannun Kamilu ɓaro-ɓaro.

Mahamman ya riƙe takardar bai ga komai a cikinta ba. Mai wanke masa mota! Shi da ya goya Kamilu a wuya zuwa makarantar allo, yau shi ne mai wanki. Mohamed, da yake mutumin daji ne, kallo ɗaya ya yi masa ya gane. Ya sauke murya.

"Mene ne tsakaninku?"

"Ƙanena ne."

"Kuma bai zauna da kai ba?" Mohamed ya yi salati ya kau da kai. "Wallahi ban sani ba. A wajenmu ko tunkiya ba a yi wa mai riƙo haka."

Kunyar da baƙon ya ji a madadin Kamilu ita ta fi ƙona wa Mahamman rai. Ya ce wa baƙon ba laifinsa ba ne, ciniki ya riga ya faɗa. Ya shiga ɗaki ya ɗauko makulli. Aisata na tsaye bakin madafa da muciya a hannu, ta ji komai. Ya fito ya ba direban makullin, ya ce masa giya ta biyu tana son lallashi. Suka ja motar suka bi ta gaban masu shayi, wannan karon ba wanda ya yi tsokana.

Sai bayan la'asar ya iya kiran Kamilu. Sau uku tana ƙara kafin a ɗauka.

"Yaya, sun zo? Ai ina ta son in kira ka, ka san sha'anin nan. Hanyar Maradi yanzu motoci sun yi yawa, ba riba. Amma zan aiko maka da ɗan abin sabulu."

"Ba wannan na tambaye ka ba, Kamilu. Saniyarka ce, kana da ikon sayarwa. Mi ya hana ka faɗa mini?"

Ƙarar injin niƙan dutse na tashi daga can nesa. Sannan Kamilu ya yi 'yar dariya, irin ta mai neman a wuce wajen.

"Haba Yaya, ai ka san dalili. Da na faɗa maka sayarwa zan yi, da ba ka gyara ta haka ba."

Mahamman ya kashe salular, ya zauna a ƙasa ƙarƙashin rumfar. Hawayen takaici suka zubo masa, abin da bai yi ba tun rasuwar ubansa. Aisata ta zo ta tsuguna kusa da shi, ta tambaye shi abin da yaron ya ce.

"Cewa ya yi da na sani da ban gyara ta ba." Ya share fuska da hannun riga. "Aisata, yaron nan a gabana ya girma, amma bai san ni ba. Wallahi da ya faɗa mini, haka nan zan wanke masa ita."