Deborah Mai Tsaron Ɗakin Sanyi

Kullum kafin jiniyar masaƙa ta yi kuka, Deborah Shekari ta riga ta sauka daga motar Trikania, mabuɗi rataye a wuyanta cikin riga. Sai ta gaishe mu, mu masu sayar da abinci a bakin ƙofa, ta wuce ɗakin sanyi, inda kamfanin nan na Kakuri ya ajiye kwamfutar da ke riƙe da dukan lissafinsa. Ta cire takalmi, ta share ƙura, ta kulle kanta ciki. Da yamma ta kwafe aikin ranar a faifai, ta kai wani ɗaki daban ta adana. Shekaru ke nan, ko ruwan sha ba ta taɓa bari an shiga da shi ba.

Kamfanin da kansa ya kafa doka cewa kada faifan waje ya taɓa na'urar. Ya kafa, ya manta. Deborah ce kaɗai ta riƙe.

To ga abin da ya faru bana. Sylvanus, yayan mijinta, wanda ya je ƙauye da kansa ya nemo wa ƙanensa aurenta, ya zo mata da wani faifai. Wani abokinsa ne ya tsara masa katin bikin godiyar girbi na coci a ciki, saura bugawa kawai.

"Matarmu," in ji shi, "saka mana wannan a injinku. Aikin Allah ne."

"Yaya, ka yi haƙuri. Ɗakin ba nawa ba ne."

"Mabuɗin da ke wuyanki fa, na maƙwabta ne?"

Ya wuce wajen manaja Dauda. Shi kuwa manaja, wanda ya sa hannu a dokar, ya leƙo ya ce, "Haba Madam, kati ne kawai. Yi masa mana." Deborah ta zare mabuɗin daga wuyanta, ta miƙa masa. "Ranka ya daɗe, ga shi. Ka buɗe da hannunka, ka saka da hannunka." Manaja ya dubi mabuɗin kamar an miƙo masa garwashi. Sai ya tuna yana da taro.

Abin da dangin miji suka yi mata, har yau in na tuna sai in riƙe baki. Aka kira zama a Gonin Gora, aka ce ta kunyata babba a gaban masu gadi, in ba ta durƙusa ta gyara ba ta tattara kayanta. A zumuntar mata ta coci, benci guda aka bar mata ita kaɗai. Masu shara sun ce sun sha ganin ta fito daga ɗakin sanyin nan ido jawur. Ta durƙusa, ta ba da haƙuri. Amma ƙofa ba ta buɗe ba.

Sylvanus ya kai faifansa wani ofis a Makera, inda wani akawu mai kirki ya saka masa. Kati ya fito tsaf. Ba a jima ba haruffan da ke gilashin na'urarsu suka fara zubowa ƙasa ɗaya bayan ɗaya, kamar gero daga hujajjen buhu. Ashe na'ura ma tana kamuwa da cuta, kuma faifai ne ke yawo da ita ofis-ofis. Wani mugu ne can wata ƙasa ya ƙirƙiro ta da gangan. Lissafin mutanen nan ya dagule, ba su da kwafi, akawun kuma aka sallame shi. Mai ofishin kuwa, wanda ya bar ƙofa a buɗe, yana nan kan kujerarsa.

Kada wani ya ce Deborah ta san faifan na da cuta. Ba ta sani ba, Sylvanus ma bai sani ba. Ke dai amana aka ba ki, Deborah, kika riƙe ta a lokacin da masu ita suka sake. Ke ce kika ɗauki aurenki kika ajiye a bakin ƙofar da ba taki ba. Ƙofar ƙarfe, matar Shekari.

Ranar bikin girbin, a gaban kowa, Sylvanus ya tashi daga layin dattawa ya zo ya zauna a bencin nan da aka bar mata. Da aka tashi ya ce, "Matarmu, a gaida gida."

Mun gode, Deborah, Allah ya saka miki. Ku kuma masu kamfani, ku ji kunya. Ku kuka sayi na'ura, ku ke da alhakin tsaronta. Ku koya wa kowa dokar, ku bi ta da kanku, ku daina rataya ta a wuyan mace ɗaya. Wanda aka ba mabuɗi kuma ya je Kakuri ya ga yadda ake riƙe shi.

Jiya na zuba mata shinkafa har da ƙarin nama, na rage murya na ce, "'Yata, wai me manaja ya ce miki bayan abin nan?" Ta yi murmushi ta ce, "Mama, ƙara min yaji."