Ɗanyun Hotunan Siddhi Lal da Faifan Korar Hankaki

Yayana Siddhi Lal mutum ne da ba ya zubar da komai. Idan na ce komai, ina nufin har kwalin takalmin da ya saya shekara ashirin da suka wuce. Ni Bimala, ƙanwarsa, da nake share gidanmu na Bhaktapur tun ina budurwa, ni na san wahalar da halin nan ya ba ni. Mun yi faɗa a kai ya fi a ƙirga, kuma kusan kullum ni ce da gaskiya. Sau ɗaya tak na sha ƙasa, shi ne abin da zan ba ku labari.

Mu 'yan gidan Chitrakar ne, zane sana'armu ce tun kaka da kakanni. A bakin layinmu akwai falca, rumfar katako inda tsofaffi ke zama da safe suna waƙoƙin ibada. Itatuwa huɗu ne suka tokare rufinta, kowanne an sassaƙa allahiya a jikinsa. Duk shekara kafin bikin Dashain, Baba zai hau tsani da ƙaramin buroshinsa ya sabunta musu idanu. Ya so yayana ya gaje shi. Shi kuwa yana ɗan shekara goma sha shida ya ga kyamara a wuyan wani baƙo, shi ke nan hankalinsa ya tafi bai dawo ba.

"Wannan ai ba aiki ba ne, latsawa ce kawai," in ji Baba. "Ko akuya ce ta ɗora kofato a kai, hoto zai fito."

Ba su taɓa ɗaga wa juna murya ba. Baba dai ya daina miƙa masa buroshi, shi kuma ya daina tsayawa a gindin tsani. Haka suka zauna shekara talatin a gida ɗaya, suna cin shinkafa daga tukunya ɗaya, kuma abin yana cin yayana a rai ko da yake bai taɓa faɗa ba.

Ya buɗe ɗan shagon hoto a ƙasan gidanmu. Hoton fasfo, hoton aure, ranar da aka fara sa wa jariri shinkafa a baki, ranar da tsoho ya cika saba'in da bakwai aka zaga gari da shi, duk shi ake kira. Jakar kyamara ta karkatar masa da kafaɗa, har yanzu in yana tafiya sai ka ce zai shiga kwanar hagu. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu suna ƙasar waje, sai ni da shi a gidan muna ta ƙananan mitocinmu.

Shekarar ƙarshe da Baba ya hau tsanin nan, yayana ya tsaya daga nesa ya yi ta ɗaukar falcar da kyamararsa ta farko marar fim. Baba ya gan shi, ya ci gaba da aikinsa. Kafin Dashain na gaba ya rasu, kuma babu wanda ya sake taɓa idanun.

Sai girgizar ƙasa ta zo ranar Asabar ɗin nan da kowa a ƙasarmu ya sani. Ba zan tsaya a kanta ba. Falca ta rushe, itatuwan huɗu suka farfashe, motar kwasar ɓaraguzai ta tafi da abin da ya rage kafin kowa ya dawo hayyacinsa. Bangon shagonmu ya faɗa kan kwamfutar yayana ya baje ta. Amma ɗan ƙaramin ma'ajin da yake tara hotunansa a ciki ya tsira, domin a cikin akwatin shinkafa yake binne shi saboda laima. Sau nawa na yi masa tsiya a kan haka, ina ɗebo shinkafa ina ɗebo waya.

Bayan shekara uku guti, wato ƙungiyar dattawan unguwa, ta tashi sake gina falcar. Aka kira Tirtha Shilpakar, tsohon masassaƙi mai kunne ɗaya da ke ji. Ya zo shagonmu da safe, ya zauna, na ba shi shayi.

"Ba na sassaƙa abin da ban gani ba," ya ce. "Dattawanku kowa da tasa. Wannan ya ce ta uku fure ne a hannunta, wancan ya ce kwarya ce, wani ma ya rantse madubi ne. Shekara hamsin suna zaune a ƙarƙashinta, ba wanda ya taɓa ɗaga kai. Ranar farko ta Dashain zan sa gizago a itace. In babu hoto, na fere su sumul na kafa, rufi dai ba zai faɗo ba."

Kwana goma sha biyu ke nan suka rage. Yayana ya ɗauko hotunan da ya wanke a takarda tun wancan lokaci. Falca ta fito tsaf, tsani ya fito, ƙafafun Baba sun fito. Ƙarƙashin rufin kuwa, inda ake bukata, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

"Kada ka damu, Baje," yayana ya ce wa tsohon, wato kaka a bakinmu. "Ina da ɗanyunsu."

Ni ma sai a ranar na fahimci abin da yake nufi da ɗanyen hoto. Ya ce hoton da muke gani dafaffe ne, kyamara ta dafa shi ta zubar da sauran. Ɗanyen kuwa duk hasken da ya shiga yana nan a ciki, har wanda ya ɓuya a inuwa, ana iya jawo shi fili. Sai dai kowace kyamara da irin nata ɗanyen, kuma sai manhajar da ta san shi ce za ta iya buɗe shi.

Nan gizo ke saƙa, domin sabuwar kwamfutar da ya saya bayan girgiza ba ta karɓar tsohuwar manhajarsa, dole ya koma wata. Sabuwar tana buɗe duk hotunan kyamarar da yake aiki da ita yanzu, shi ya sa shekara uku bai lura da komai ba. Ya jona ma'ajin, ya nemo shekarar, ya danna. Akwatuna masu ruwan toka suka jeru a fuskar kwamfutar, ɗari biyu da wani abu, kowanne da alamar tambaya a tsakiya. Ya sake dannawa, ta rubuto masa cewa ba ta san wannan irin ba. Na ga gumi ya tsattsafo masa a sanƙo.

Tirtha ya leƙa, ya shanye shayinsa. "To, allolinku sun zama akwatuna," ya ce, ya ɗauki hularsa ya fita.

Kashegari yayana ya hau bas zuwa Kathmandu da ma'ajin a aljihun ƙirji. Masu shagunan kwamfuta suka gwada manhaja uku. Ɗaya ta ƙi buɗewa, ɗaya ta buɗe ɗan mitsitsin hoto kamar kan sarki, ɗaya kuma ta fito da falcar shuɗiya da ratsi-ratsi kamar zanen gado. Suka ce kamfanin da ya yi kyamarar ya daɗe da barin sana'ar, ba wanda ke kula da irin ɗanyensa. Wani ma ya ce hotunan sun lalace, ya goge su ya huta. Mutum na gari ɗaya ne ya ce masa lafiyarsu ƙalau, ya je ya nemo faifan da ya zo a kwalin kyamarar, da tsohuwar kwamfutar da za ta karɓe shi.

Ya dawo da murnarsa. Ai shi ba ya zubar da komai. Ya hau ɗakin sama ya fara sauke kwalaye, ni ina tsaye ina tari saboda ƙura. Kwalin kyamarar yana nan, littafinta yana nan, har ledar da aka naɗe igiyarta. Faifai babu.

"Baini," ya ce, haka yake kirana, "akwai wani gwangwanin biskit mai faya-faye a ciki. Kin gan shi?"

Na gan shi mana. Tun bara na kwashe su. Hankaki sun dame ni a kan barkonon da nake shanyawa a saman bene, na ga maƙwabta suna rataya tsofaffin faya-faye, walƙiyarsu na korar tsuntsu, ni ma na zura musu zare na jera. Shekara guda suna can, rana ta dake su, damina ta wanke su.

Da farko na so in yi musu. Bakina har ya buɗe zai ce wane gwangwani. Amma na dubi fuskarsa, sai kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun ina yarinya.

"Dai," na ce, haka nake kiransa, wato yaya, "suna sama. Suna gadin barkono."

Na ɗauka zai yi faɗa. Da ya yi, da na ji sauƙi, don ina da amsa a shirye. Sai kawai ya dube ni ya ce, "Ashe ke ma ba ki zubar ba." Ya wuce ni ya hau bene.

Guda tara ne. Rana ta cinye rubutun jikinsu tas, ba ka gane wanne ne na waƙa, wanne ne na kyamara. Biyu sun tsage. Sauran kuwa, hankakin da aka sa su kora sun yi musu ado da kashi, don rashin mutunci. Muka zauna a tsakar gida da ruwan ɗumi da man goge baki da tsohon ɗankwalina, muna gogewa a hankali daga tsakiya zuwa baki. Ni na goge biyar, ban yarda ya taɓa su ba.

Saura tsohuwar kwamfuta. Akwai Rukmini, wadda ke buga wa mutane takardun koke a ɗan kantinta kusa da ofishin unguwa. Tata kwamfutar ta girmi wasu masu aure, tana gurnani kamar injin niƙa, kuma ta ƙi canzawa don ta ce sababbin ba su da kunya.

"In kuka kashe mini ita, ku biyun za ku zauna nan kuna rubuta koke da hannu," ta ce, ta matsa mana.

Faifai na farko waƙoƙin aure ne. Na biyu ya yi ta juyi ya fito. Na uku hotunan wani biki ne, na huɗu ko motsi. Rukmini tana ta dariya. Na biyar ya shiga ya yi ƙara, ya yi shiru, ya sake ƙara, sai ga sunan kyamarar a fuskar kwamfutar. Ya tafi rabi ya tsaya cak. Muka fitar, na huce masa da baki na goge da gefen zanina, muka mayar. Sai a karo na uku ya kai ƙarshe.

Na ruga na kira Tirtha. Kafin mu iso yayana ya buɗe hoton, ƙarƙashin rufin yana nan baƙi kamar da. Ya kama wani ɗan layi a gefe ya ja shi dama sannu a hankali. Baƙin ya fara washewa. Kafaɗa ta fito, sai sarƙar wuya, sai hannaye, sai ƙananan furannin da ke ƙarƙashin ƙafafu.

Tirtha ya kai hancinsa har jikin gilashin. "Kifi ne," ya ce. "Kifi ne a hannunta. Shekara hamsin a ƙarƙashinta, amma suna gardamar fure da madubi, tsofaffin banza." Yana zagi yana murmushi, yatsansa yana bin layin sassaƙar a iska.

Ni ba kifin nake kallo ba. A gefen allahiya ta huɗu ga fuskar Baba, wadda a takarda inuwa ta haɗiye ta. Ya cije leɓe, buroshi a hannu, amma idanunsa ba a kan aikin suke ba. Kyamarar yake kallo, kuma ba da fushi ba. Yayana ya daɗe bai motsa ba. Ni dai na yi kukana a fili, Rukmini ta miƙo mini tsumman goge tebur.

Kwana biyu ya yi a kantin nan yana juya hotunan ɗaya bayan ɗaya zuwa irin da kowace manhaja take ganewa, domin tsohuwar kwamfutar sai ta yi numfashi tsakanin kowane biyu. Ya ajiye su wuri uku. Faifan kuma ya koma kwalinsa, ya ce in na sake taɓa shi zai rataya ni a kan barkonon.

Tirtha ya sa gizago ranar farko ta Dashain kamar yadda ya faɗa, da hotunan manne a bangon rumfarsa. Wata bakwai ya yi. Da aka kafa itatuwan, idanunsu babu komai, farin itace kawai. Dattawa suka fara shawarar ɗauko mai zane daga wata unguwa.

Da safe na ga yayana ya fito da gwangwanin buroshin Baba, wanda ni da kaina na so in ba masu shara sau biyu. Sati uku ya yi yana gwaji a kan ɓallin katako, yana ɓatawa yana tsaki. Ranar da ya shirya, ya manna hoton a jikin ginshiƙi ya hau tsani, mutum mai shekara hamsin da takwas da karkatacciyar kafaɗa. Ni na riƙe masa tsanin.

Ya yi uku lafiya. A ta huɗu na ga jelar idon hagu ta ɗan karkace ƙasa.

"Dai, ka kauce," na ce. "Goge ka sake."

"Dubi hoton," ya ce.

Na duba. Haka yake a can ma, daidai inda hannun Baba ya yi rawa a shekararsa ta ƙarshe. Yayana ya tsoma buroshin a fenti, bai waiwayo ba.

"Riƙe tsanin da kyau, Baini," ya ce. "Saura na dama."