Ranar da Lallaɓa ya tsayar da layinmu

Lallaɓa muke ce wa abokina, saboda tafiyarsa. Ya daɗe yana goya wa wani injiniya akwatin awon ƙasa, har tafiyar ta bi jikinsa. Ko kasuwa za shi, sai ka ce ƙwai ya ɗauko.

Shi ya yi min bayanin na'urar. Ƙasa tana jan komai, amma ba daidai take ja a ko'ina ba. Inda dutse mai nauyi yake kwance a ciki, jan ya ɗan ƙaru. Inda kogo ne, ya ragu. Da wannan bambancin injiniya ke zana abin da ke ƙasa ba tare da an haƙa ba. Sai dai na'urar ba ta son motsi. Ko mota ta gifta, awo ya ɓaci.

Da aiki ya kawo su layinmu, Lallaɓa ya bi gida-gida yana roƙon a tsaya. Tela ya ɗage ƙafa daga keke. Mai niƙa ya kashe inji, ya ce, “Numfashi fa, ranka ya daɗe? Shi ma in riƙe?”

“Da ka taimaki unguwa,” in ji Lallaɓa.

Muka tsaya cak muna danne dariya, shi kuma ya durƙusa a ƙofar gwaggonsa yana daidaita ƙafafun akwatin. Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haske irin na ranar ba.

A ƙarƙashinmu jan ya fi ƙarfi. Ma'adini ne. Kamfani ya zo, aka tashe mu zuwa bayan gari.

Injiniya ba wanda ya san gidansa. Lallaɓa kuwa kowa ya sani. Mai niƙa ya daina amsa masa gaisuwa. Gwaggon da ta raine shi ta ce, “Ɗan nan, da bakinka ka ce in zauna kada in motsa. Ashe ɗakina kake aunawa.” Ba ta ƙara buɗe masa ƙofa ba.

Ya bar aikin ko za ta huce. Ba ta huce ba. Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, duk takun da ya ji sai ya dube ni: “Gwaggo ce?”

Ranar da ya rasu na bi gida-gida ina sanarwa, kamar yadda ya taɓa bi. Tela bai ɗage ƙafa daga keke ba. Injin niƙa na ta ruri har muka wuce da gawarsa.

Allah ya ji ƙanka, abokina.