Cakuletin Inna Juwai a Aljihun Farar Shadda

Duk wanda ya tashi a layinmu na Tudun Wada, haƙoransa sun san Inna Juwairiyya. Juwai muke ce mata. Kitso ne sana'arta, amma shekara talatin da ɗoriya ke nan duk ƙarshen azumi sai ta tuƙa alewar madara, ba ta sayarwa ba, ta yaran Sallah. Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta Malam Muntaka kuma ya rasu tun ina budurwa. Saboda haka Sallarta ɗungurungum ita ce hayaniyar yaran da ke cika mata zaure bayan an sauko daga Idi. In sun zo ta yi Sallah, in ba su zo ba ba ta yi ba, ko da kaji goma ta soya.

Ni Hanifa tela ce, katanga ɗaya ta raba ni da ita, kuma rabin kayan Sallar yaran layin nan daga keken ɗinkina suke fita.

Bara wani Alhaji Nagoda ya tare a ƙarshen layi, ya fara raba cakuleti mai takarda mai ƙyalli. Yara kuwa ba su san kara ba. Huɗu rak suka leƙa Inna, su ma iyayensu ne suka koro su. Ta zauna da tirenta har la'asar sakaliya. Na shiga ina shirin lallashi, sai ta miƙo mini wata takardar cakuleti da ta tsinta a ƙofar gida.

"Hanifa, abin da ke cikin nan daga sama ya faɗo?"

"A'a, Inna."

"To mutum ne ya yi shi. Ni ma mutum ce."

Da azumin bana ya raba tsakiya, 'yata Jannatu ta nuna mata wani bidiyo a waya: farar alewa mai laushi kamar auduga, ana soka mata tsinke a tsoma ta cikin narkakken cakuleti. Sau uku Inna ta kalla, ta ce ya isa. Sai dai akwai wani gari da ake zubawa don alewar ta daskare, aka ce daga ƙashin dabba ake yin sa. Wace dabba? Wa ya yanka ta? Mai shago a Kwangila ya ce shi bai sani ba. Inna ta ce ita ba ta ɗura wa 'ya'yan Musulmi abin da ba ta san mayankinsa ba. Ta sayo ƙafar saniya a kasuwa, ta dafa ta yini guda, ta kwashe kitsen, ta tace ruwan har sau huɗu da ƙyallen tatar koko.

Inna tana da wata al'ada. Tun da da azumi a bakinta take aikin, ba ta taɓa ɗanɗana alewar Sallarta kafin a ga wata ba. Ƙananan yaran da ba su isa azumi ba take tarawa su zame mata harshe. Bana su shida ta jera a tabarma, shugabansu Kailani ɗan shekara biyar, wanda bakinsa bai iya ɓoye komai ba. Aka buga ruwan ƙafar saniya da sukari da farin ƙwai har hannun Jannatu ya sage, aka yanka, aka miƙa masa. Ya tauna, ya ɓata fuska.

"Inna, tana warin farfesu."

Wallahi sai da na riƙe ciki don dariya. Inna ko gezau. Ta ce yaron ya fi mu gaskiya, ta sake tacewa, ta ƙara filebo. Sai a karo na uku Kailani ya haɗiye, ya sake miƙo hannu.

Ranar jajibiri aka yi tsomin cakuleti. Yara na soka tsinke suna tsomawa, rabi a tire rabi a kumatu. Ga zafin bazara, ga wuta an ɗauke tun shekaranjiya, cakuleti ya ƙi bushewa. Inna ta jiƙa yashin gindin randa, ta dasa tiren a kai, ta rufe da kwando da jiƙaƙƙen buhu. Kafin a sha ruwa ya kama tsaf.

Ranar Sallah zaurenta ya cika har waje. Labari ya riga ya zaga layi ta bakin 'yan ɗanɗano. Ta raba bibbiyu, tana sa albarka, fuskar nan tata kamar an yi mata bushara da kujerar Makka. Abin da ni da ita duk muka manta shi ne, yaron Bahaushe ba ya cinye alewar Sallah nan take. Ɗaya zai ci, ɗaya ya jefa aljihu ya tafi yawon gidajen dangi. Alewar madara ta san aljihu. Cakuleti bai san shi ba.

Kafin azahar aka fara dawowa da yara ana jan kunnensu. Farar shaddar Kailani, wadda na kusa makancewa a kan aikin wuyanta, ta yi baƙin tambari tun daga aljihu har gwiwa. Leshi, atamfa, yadi, babu wanda ya tsira. Raina ya ɓaci matuƙa, ba zan ɓoye ba. Na faɗa gidan na ce, "Haba Inna! Wata guda ina duƙe a kan keke, kin kashe mini aiki a awa biyu!" Maman Kailani ta fi ni zafi, ta ce 'ya'yanta sun bar taka zauren nan.

Inna ba ta kare kanta ba. Ta ce, "Laifina ne, ku kawo in wanke." Yammacin Sallah, mutane na ziyara, tsohuwar nan tana durƙushe gaban baho da ruwan ɗumi da sabulu tana cuɗa kayan 'ya'yan wasu. Wasu sun fita, wasu sun ƙi.

Washegari da safe na leƙa ta katanga na gan ta a zaure, ta ci ɗamara, ta ajiye sauran alewar a tire. Tausayinta ya kama ni, kunyar maganata ta jiya kuma ta rufe ni. Na ce, "Inna, ki shigo daga ciki mana, yau ba na jin za a zo."

"Ni dai na ajiye," ta ce.

Hantsi ya yi, shiru. Ta gyara zaman tiren sau biyu. Can sai ga ƙarar silifa daga bakin layi. Yara ne sun fi ashirin, amma babu ko ɗaya da kayan Sallah. Wannan da tsohuwar rigar makaranta, wancan da singileti mai huji, wata da zanen uwarta ɗaure a ƙirji. Kailani ne a gaba, daga shi sai gajeren wando.

"Inna, Mama ta ce in dai gidanki za mu zo, mu tuɓe na Sallah tukuna."

Inna ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta ja gefen mayafi ta goge ido. Sannan ta daka musu tsawa irin tata.

"To ku zauna! Nan za a cinye a gabana, kowa ya nuna mini tafin hannunsa kafin ya fita."