Malam Ƙasimu da Tsamiyar Ƙofar Doka

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Talata, tara ga watan Maris 1999, Allah Ya karɓi ran Malam Ƙasimu na Ƙofar Doka, tsohon malamin darasin gwamnati a sakandare kuma shugaban ƙungiyar unguwarmu. Ni Haruna ɗalibinsa ne, maƙwabcinsa kuma. Wallahi har yanzu hannuna bai saba rubuta "marigayi" a gaban sunansa ba.

Malam, kai ka koya mana cewa ƙasashen da ke zaɓe ba hanya ɗaya suke bi wajen yin doka ba. A Ingila da Indiya firayim minista ɗan majalisa ne, cikinsu yake zaune, ranar da suka juya masa baya ya sauka. A Amurka kuwa, wadda muka kwaikwaya a 1979, shugaba daban majalisa daban. Su tsara doka, shi ya sa hannu, in ya ƙi, kashi biyu cikin ukunsu su danne shi. Faransa kakan ce ta raba ƙafa, ka yi dariya. Da soja suka dawo suka rufe majalisu, doka ta koma abin da ake ji a rediyo bayan badujala, sai ka ce to, mu a unguwarmu ba za a rufe ba.

Haka ka kafa mana majalisa a zaurenka, manomi da mai shago da ma'aikacin ofis kowa da bakinsa. Ka ɗaure kanka da tsarin Amurkar nan: mu yanke, ka sa hannu, in ka ƙi mu danne ka. 'Yan tsokana suka sa mata suna majalisar tabarma, kai ma da shi kake kiranta.

Sai ga maganar tsamiya. Masallacin unguwa ya yi mana kaɗan, Alhaji Dogara, ɗaya daga dattawan majalisar, ya kawo shawarar a sare tsamiyar da ke gabansa a faɗaɗa gini. Tsamiyar nan mahaifinka ya dasa, a gindinta ya koya maka karatu. Majalisa ta amince, ka ƙi sa hannu. Ka yi ta roƙonmu a bar ta. Aka sake ɗaga hannu, kashi biyu cikin uku suka cika. Raina ya ɓaci, na biyo ka na ce, "Haba Malam! Zaure naka, tabarma taka. Ka tashe su mana!"

Ka ce, "Haruna, in na tashe su saboda tsamiya, ai ni ma na sa kaki ke nan."

Washegari kai ka fara fitowa da gatari. Sara na farko kai ka yi, sannan ka miƙa wa Bahago mai faskare, ka shige gida. Matarka Hajiya Sailuba ta ce ranar ko ruwa da ƙyar ka sha. Amma ba ka taɓa yi wa kowa gori ba, kafaɗa da kafaɗa kake salla da Alhaji Dogara a sabon ginin.

A watan jiya, duk da ciwo, ka dogara sanda ka je ka zaɓi 'yan majalisa, kana cewa burinka ka ga sun zauna kafin ka tafi. Allah bai nufa ba. Wannan shi ne ya fi ƙona mini rai.

A ƙofar masallacin muka yi maka salla, cikin rana tsaka, babu ko ɗigon inuwa. Alhaji Dogara ya yi ta kuka kamar yaro. Bayan sadakar uku majalisar tabarma ta zauna, muka yanke baki ɗaya a dasa tsamiya a filin da ya rage. Bisa sabo duk muka juya wajen buzunka muna jiran amincewarka. Sai muka tuna ba ka nan.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Sailuba, da 'ya'yanka Hadiza da Isma'ila, da dukan mutanen Ƙofar Doka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ka a inuwarSa ranar da babu wata inuwa sai taSa. Dashen kuwa mun yi shi, Malam, ba da sa hannunka ba. Ka yafe mana.